Littafin Ƙarƙashin Filo: Inda Aka Kwana da "Warin Takalmi"

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare a shagon bakin layinmu, na ɗaure masa biro da zare, na cusa shi ƙarƙashin filo. Dalili kuwa mafarkin da na yi daren jiya, wanda ya ƙi sakina har na gama wanke-wanke.

Ga abin da na iya riƙewa. Ina tsakar gidanmu na cikin gari, gidan da na tashi, ba nan ɗakina ba. Iya, kakata ta wajen uba, wadda ta rasu ina aji biyu a sakandare, tana tsaye bakin rijiya tana jan ruwa. Amma duk gugan da ta jawo babu ruwa, sai takalman yara. Ta zazzage, ta jera su ƙafa bibbiyu a gindin katanga, ta sake zura guga. Akwai wani ja guda ɗaya, na roba, da ba shi da ɗan'uwa, ta ajiye shi gefe. Fuskarta babu damuwa ko kaɗan, sai ka ce mai shanya kuɓewa. Ta waiwayo ta ce, "Takwara, je ki rufe kaji." Iyakarsa ke nan.

Rijiyar nan an daɗe da rufe ta da siminti, tun ina ƙarama. Kaji kuma ba a taɓa kiwonsu a gidan ba, tantabarun Kawu ne kawai.

Shekara biyu rabona da kai labari ƙarshe. Akwai mafari goma sha wani abu a wayata, kowanne ya mutu a shafi na uku, kuma duk kanwar ja ce: yarinya, ɗan mai kuɗi, uwar miji. Ni da kaina na gaji da su tun kafin mai karatu ya gaji. Shawarar da na yanke ita ce in riƙa rubuta mafarkina kowace safiya har wata shida, in ga ko gajeren labari ɗaya tak zai fita daga ciki. Wannan da nake rubutawa yanzu kuma daban ne, na lissafin aiki ne, don in riƙa sanin inda na kwana.

Lahadi, 14 ga Janairu

Kwana takwas, mafarki biyu kawai na kama. Sauran duk sun zille.

Abin da na lura: da na buɗe ido na ɗauki waya don duba lokaci, shi ke nan ya tafi. Ko juyi na yi daga haƙarƙarin da na farka a kai, sai in ji rabinsa ya zube. Yanzu sai in kwanta lamo, ido a rufe, in maimaita shi a zuci daga ƙarshe zuwa farko, sannan in laluba littafin. Rubutun a duhu nake yi don kada in tashi Abban yara, shi ya sa layi ke hawa kan layi. Na ranar Laraba na kasa karanta shi gaba ɗaya, ban da kalma biyu: "tireda" da "gwaggon biri".

Na gwada ɗaukar murya a waya ranar Alhamis. Da rana na kunna, minti biyu da rabi na gunaguni, kamar mai fama da haƙori. Abban yara ya saurara ya ce, "Malama, in wannan ne adabin, a bar ni da labaran rediyo." Na goge.

Sanyin nan ya sa ina komawa barci bayan asuba ranakun da ba makaranta, kuma a nan ne mafarkin ya fi fitowa tar, da launi da magana.

Asabar, 27 ga Janairu

Na ɗan yi karatu a kan dalilin haka. Ashe barci hawa-hawa ne, yana zagayawa kamar duk minti casa'in. A cikin kowane zagaye akwai wani mataki da ƙwayar ido ke wulgawa da sauri a ƙarƙashin fata, kuma wanda aka tasa a daidai nan ya fi tuna mafarki. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Aserinsky da Kleitman, su suka bayyana shi a 1953. Wannan matakin gajere ne a farkon dare, yana ƙara tsawo gab da asuba. To ga sirrin barcin safe. Mu da ake wa faɗa tun muna yara cewa barcin bayan asuba yana kore arziki.

Jiya kuma na shiga Kurmi sayen kayan yaji, ƙafata ta ja ni layin masu littattafan addini. Na sayi ƙaramin littafin fassarar mafarki da ake jinginawa Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira. Malamai da dama sun ce ba shi ya rubuta da hannunsa ba, daga baya aka tattara aka ɗora wa sunansa. Kusan kowane gida a cikin gari akwai irinsa, ko wanda ya haddace rabinsa da ka: maciji abokin gaba ne, faɗuwar haƙori rashin wani ne a dangi.

Na duba takalmi. Yana iya zama mace, yana iya zama tafiya. Na zauna da littafin kusan awa guda, ina ta sauya kowane abu na mafarkina da ma'anarsa, kamar mai canjin kuɗi. Da na gama sai na ga babu sauran Iya, babu guga, babu ja. An biya ni, an karɓe kayan. Ga mai neman sanin abin da zai same shi wataƙila wannan shi ne amfanin, amma ni ba shi nake nema ba. Ni so nake takalmin ya zauna takalmi, jiƙaƙƙe, mai laka a ciki. Na ɗora littafin kan durowa, ban ƙara buɗe shi ba.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Na gama rubutun farko, kalma 1,900. Bai yi ba, kuma na sani.

Abin da na yi shi ne na kwafe mafarkin na shimfiɗa masa kwalliya. Na ƙara hazo, na ƙara kukan mujiya, na sa rijiyar tana kiran sunan yarinyar. A ƙarshe na rubuta, "Firgigit ta farka, jikinta sharkaf da gumi." Jimlar da na karanta a littattafai sun fi ɗari, kuma duk sanda na ci karo da ita sai in ji an yi mini wasa da hankali. Yau ga ni na rubuta ta da hannuna.

Wata matsalar, a mafarki ban yi mamakin komai ba. Takalma daga rijiya, na ɗauke shi kamar ruwa. A takarda kuwa sai na tsinci kaina ina ta yi wa mai karatu ihu cewa abin mamaki ne. Natsuwar fuskar Iya, wadda ita ce ta hana ni sukuni tun farko, babu ita a rubutun ko kaɗan.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Wani abu ya tsaya mini a rai mako guda, sai yau na sauke shi.

Akwai hadisi a Bukhari, daga Ibn Abbas, cewa wanda ya ce ya yi mafarkin abin da bai gani ba, za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu, kuma ba zai iya ba. Ni kuwa ga ni na ɗauki mafarki na ƙara masa mujiya da hazo. Mafarki a wurinmu ba abin wasa ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tambayi sahabbai bayan sallar asuba ko wani ya yi mafarki. Kalmomin kiran salla da muke ji sau biyar a yini, a mafarki Abdullahi bn Zaid ya ji su. Sura guda sukutum, ta Yusuf, daga mafarkin taurari goma sha ɗaya ta faro, ta bi ta na 'yan kurkuku biyu, ta kai ga na sarki da shanunsa bakwai. A nan ƙasar ma, Shehu Usmanu ya rubuta yadda ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya, wajen 1794, shekara goma kafin hijirar Gudu. Abin da yake da wannan nauyin, ni zan ɗauka in yi ta yanka ina ɗinkewa?

Bayan an tashi Islamiyya na tsaya na tambayi Malam. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, a labarin naki kin ce wa mutane ke kika ga wannan a barci?" Na ce a'a, Allah gafarta Malam, wata yarinya ce ƙagaggiya. Ya ce a fahimtarsa gargaɗin yana kan wanda zai tsaya gaban jama'a ya ce na gani alhali bai gani ba, don a girmama shi ko a bi shi. Labarin da kowa ya san ƙagawa aka yi, hukuncinsa na ƙagaggen labari ne, ana duba abin da ke cikinsa. Ya ƙara da cewa in dai ina ba da labarin mafarkin kansa, to kada in ƙara ko wasali.

Tsohuwar damuwa ce ashe. Ko a gasar 1933 da Rupert East ya shirya daga Zariya, wadda ta haifar da ƙagaggun littattafanmu na farko a boko, sai da aka sha fama kafin malamai su yarda zama a ƙirƙiri labari aiki ne na mai ilimi, ba tatsuniyar mata da yara ba.

Doka daga yau: littafin ƙarƙashin filo, abin da na rubuta da asuba ya zauna. Ba gyara, ba ƙari. Ƙage-ƙagena duk a wani littafin.

Lahadi, 3 ga Maris

Na karanta rubutun farko a zamanmu na marubuta na wata-wata. Mu goma sha uku ne yau. An yi mini kara, an tafa, sannan aka soma.

Wata ƙanwarmu mai rubutu a zaurukan WhatsApp, wadda mabiyanta suka ninka nawa sau ba adadi, ta ce, "Anti, ai kin samu ma'adini. Ki mayar da rijiyar ƙofar garin aljanu, yarinyar ta faɗa, ɗan sarkinsu ya gan ta. Wallahi shafi ɗari biyu za ki yi, kuma a biya ki." Ba ƙarya ta yi ba, zai sayu. Har na ji raina ya ɗan biya. Amma da na sa aljani, an gama bayani ke nan: duk abin da ya faru sai a ce ai aljanu ne, babu mai sake tambaya.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa da ba ya yawan magana, ya jira kowa ya gama. Sai ya ce, "'Yata, tambaya ɗaya. A duniyar nan da muke ciki, ido biyu, rana tsaka, yaya za a yi takalmin yaro ya fito daga rijiya?"

Na yi shiru. Shi ya ba kansa amsa: "Ba ki taɓa ganin ana yasa ba?"

Na gani mana! Da bazara, in ruwa ya ja baya, akan kira mai yasar rijiya. Ya tuɓe ya rage daga shi sai gajeren wando, ya bi matakan da aka fafe a jikin rijiyar ya sauka, yaronsa na sama yana jawo laka da guga yana zubarwa gefe. Mu yara mu kewaye tulin muna tono da tsinke, don komai na fitowa: tsohon guga da ƙugiya ta kasa kamawa, cokali, murfin kwano, ɗan kunne, kwabo. Abin da gida ya manta shekara da shekaru, a yini ɗaya sai a baje shi a tsakar gida kowa na gani.

A adaidaita sahu na rubuta shafi biyu a kan cinyata. Babu barci a labarin kwata-kwata yanzu. Ranar yasa ce kawai, daga hantsi zuwa magariba.

Talata, 19 ga Maris (9 ga Azumi)

Azumi ya yamutsa tsarin. Tashin sahur, komawa barci, sai mafarki ya yi ta zuba kamar an ɓalle famfo. Cikin kwana tara na rubuta goma sha huɗu, kuma kusan duk tarkace ne: ina rabon kunun tsamiya a ajinmu, ludayin ya zama rula, ina neman ɗankwalina a cikin firji. Irin wanda hadisi ya kira zancen zuci, abin da mutum ya yini da shi. Yunwa ce ke rubuta su, ba ni ba.

Daren Lahadi kuma dannau ya danne ni. Na farka, ina jin fanka na juyawa, ina ganin ƙofa, amma ko yatsa na kasa ɗagawa, kuma akwai abin da na gani da ba zan rubuta shi nan ba. Na san bayanin masu bincike: a matakin nan na mafarki jiki yakan saki, gaɓoɓi su daina amsawa don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, wani lokaci sai hankali ya riga jiki farkawa. Sanin hakan bai hana ni karanta Ayatul Kursiyyu a zuci ba. Da ya sake ni na yi tofi hagu sau uku, na nemi tsari, na juya.

Da safe hannuna ya kai kan littafin. Marubuciyar da ke cikina tana cewa wannan ya fi duk na watan nan ƙarfi. Amma an ce mummunan mafarki kada a ba kowa labarinsa, har akwai mutumin da ya zo ya ce ya ga an sare masa kai, Annabi ya hana shi ba da labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci. Takarda ba mutum ba ce, na sani, amma wannan takardar don mutane nake tara ta. Na rubuta kwanan wata, na ja layi, na bar wurin fili.

Asabar, 30 ga Maris

Ban taɓa labarin ba. Zafi, girki, jarrabawar yara, ɗinkin salla. An ɗauke wuta kwana uku, barcin ma da ƙyar.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Mun je gaisuwar salla cikin gari. Na samu Gwaggo ita kaɗai a ɗaki bayan la'asar, na zauna ina taya ta ƙulla cincin a leda, na ce, "Gwaggo, wai me ya sa aka rufe rijiyar nan?"

A raina na riga na shirya jin wani babban al'amari. Ta ce, "Zartsi ta yi. Maƙwabta suka haƙa masai jikin katanga, ruwan ya lalace, ga famfo ya zo. Sai Malam kakanki ya ce a rufe kada yara su faɗa." Ko ɗago kai ba ta yi ba. Na ji kamar an sace mini iska.

Don kada zancen ya mutu na ce Iya dai ta sha jan ruwa a wurin. Sai Gwaggo ta ajiye ledar. Ta ce, "Iya ai ta sha abin da ya fi jan ruwa. Ke ba ki san wabi ta yi ba? Biyar ta binne kafin ubanki ya tsaya. Me kike tsammani ya sa ake ce masa Ajuji?"

Tun da na yi wayo nake jin tsofaffin unguwa suna kiran Baba da wannan sunan. Na kuma san ma'anarsa, na ma koyar da shi a aji, cikin darasin sunayen gargajiya: Ajuji, Ayashe, Ajefas, sunan da ake sa wa ɗan mai wabi don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Na rubuta shi a allo da alli, yara sun kwafa. Ban taɓa haɗa shi da ubana ba, ko sau ɗaya.

Gwaggo ta ce huɗu ba su kai yaye ba. Ɗaya ce ta yi ƙafa, har tana bin Iya bakin murhu, baƙon dauro ya ɗauke ta. Ta ce Iya ba ta taɓa kama sunanta ba har ta koma ga Allah. Daga nan ta ce in miƙo mata zare, zancen ya ƙare.

Ban gaya mata mafarkin ba.

Asabar, 13 ga Afrilu

Da sassafe na buɗe shafin 6 ga Janairu, ina neman adadin takalman. Ban rubuta ba. "Ta jera su ƙafa bibbiyu," iyakar abin da ke wurin.

Kuma wallahi yanzu in na rufe ido biyar nake gani. Huɗu a jere, ja a gefe. Har biro na ɗauka. Amma a Janairu ban ƙirga ba, kuma wannan biyar ɗin ta Gwaggo ce, jiya ta ba ni ita. Da na rubuta, nan da shekara guda da zan rantse haka na gani, in ba da labari a taro mutane su ce Allahu Akbar. Sai yau na gane ƙullin sha'ir ɗin nan ba sai maƙaryaci da gangan yake jira ba.

Abin da zan iya cewa da gaskiya: wataƙila wani ya taɓa faɗa a gabana ina yarinya, kunnena ya ɗauka ban sani ba. Na mayar da biron.

Asabar, 4 ga Mayu

Rubutu na biyu ya kammala, kalma 2,300. Sunansa "Warin Takalmi".

Mai ba da labarin yarinya ce 'yar shekara tara, Ladidi. Ana yasar rijiyar gidansu, ita da sauran yara suna tonon laka, ta tsinci jan takalmin roba ƙafa ɗaya, ƙarami. Ta ruga tana ɗaga shi tana tambayar na wane ne. Matan gida duk suka yi kamar ba su ji ba. Kakarta ta karɓa, ta wanke shi a kwatanniya da hannunta, a hankali, ta kife shi a rana.

Na cire takalma masu yawa, don jariran da ba su taka ƙasa ba ba su da takalmi, kuma yawan ma rage wa ɗayan ƙarfi yake yi. Na cire mujiya da hazo, Allah ya raka taki gona. Na bar natsuwar fuskar, ita ce ƙashin bayan labarin yanzu.

Maganar kaji ce ta fi ba ni wuya. Wata huɗu ina ɗaukarta shirmen mafarki, sau biyu ina goge ta. Shekaranjiya ina tsane shinkafa sai na ji ta da wani kunne: rana tsaka ce, ba lokacin rufe kaji ba ne. Wanda ya aiki yaro rufe kaji da azahar, so yake yaron ya bar wurin. Na saki matsami na nemi biro. Yanzu a labarin akwai akurki a bayan ɗaki, Ladidi ta tafi tana ƙunƙuni tana kora kajin da ba su san laifinsu ba.

Na karanta cewa Robert Louis Stevenson, wanda ya rubuta labarin likitan nan mai rikiɗa ya zama mugu da aka buga a 1886, ya ce fage biyu ko uku kawai barci ya ba shi, sauran da idonsa biyu ya yi. Nawa lissafin bai kai nasa ba: takalmi ɗaya, fuska ɗaya, jimla ɗaya. Yasar rijiya ta dattijon nan ce, wabi na Gwaggo.

Asabar, 25 ga Mayu

Na ƙirga littafin ƙarƙashin filo: mafarki 52, fili uku da na bari da gangan. Na yi wa biyu alama don gaba. Ɗaya wanda nake cikin motar haya zuwa Zariya, kowa a motar yana riƙe da agogon bango a cinya. Ban san me zan yi da shi ba tukuna, kuma ba zan matsa masa ba.

Ina tunanin tura labarin gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi wa mata tun 2016. Amma ba a wuce kalma 1,500, ke nan sai na zubar da 800. Na soma da fagen cinikin mai yasa da maigidan, duk da ina son sa.

Sauran abu ɗaya da nake ta kewaye-kewaye a kai: na sa sunan Ajuji a labarin, kuma ban tambayi mai sunan ba.

Laraba, 19 ga Yuni

Na je wurin Baba jiya, an gama hidimar layya, gida ya yi shiru sai ƙamshin suya. Yana zaure kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce akwai abin da na rubuta da nake so ya ji. Ya ce, "To, Uwata, bismillah."

Na karanta masa duka, muryata na rawa a wasu wuraren. Bai katse ni ba. Da na kai ƙarshe, inda Ladidi ta dawo daga akurki ta leƙa ta tarar da kakar tana kuka da takalmin a ƙirji, sai ya daɗe yana jan carbi.

Ya ce sunan ba komai, in bar shi, ai ba shi kaɗai ne Ajuji a Kano ba. Sannan ya ce, "Amma kukan nan ki cire. Iya ba ta kuka a inda ido zai gan ta, ko na yaro. Ranar da Malam ya rasu ma tsintsiya ta ɗauka."

Na ce, "Baba, ai ba Iya ba ce, ƙagaggiya ce."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To."

Da daddare na cire sakin layin, kalma 140. Yanzu Ladidi ta dawo ta tarar takalmin ba ya inda aka kife shi, kakar kuma tana sharar bakin rijiya, wurin da yaron mai yasa ya riga ya share. Saura kalma 210 in zubar kafin ya shiga ma'auni. Gobe zan duba fagen tonon laka, ina jin murfin kwano da ɗan kunne ɗaya zai tafi.